Amsoshin Wasiƙunku: Ko Ya Dace Ƙungiyar 'Yan Gwari Ta Mayar Da Harkarta Cikin Zauren Waya?

TAMBAYA: Wannan wasiƙa ta fito ne daga wani mai sauraronmu na garin Likoro, cikin Ƙaramar Hukumar Kudan ta Jihar Kaduna. Ya ce su 'yan ƙungiya ne da suke haɗa jari suna sayen tumatir da tattasai da rake a ƙauyukan Kudan da Makarfi da Ikara, suna lodi zuwa Kano da Legas. Wasunsu suna gida, wasu suna bin mota, wasu kuma suna zaune can kasuwannin da ake sauke kaya. To, yanzu samarin cikinsu sun kawo shawarar a daina taron da ake yi wata-wata, a ajiye littafin ma'aji, a mayar da kome cikin zauren WhatsApp, tun da a cewarsu haka manyan kamfanonin duniya suke aiki. Dattawa kuwa sun ce ba su yarda ba, har maganar tana neman raba kan ƙungiya. Yana so a bayyana masa amfanin abin da illarsa.

AMSA: To Malam, mun gode da wannan wasiƙa taka, kuma muna zaton ba kai kaɗai wannan amsa za ta amfana ba, domin da wuya yau ka sami ƙungiyar manoma ko ta 'yan kasuwa wadda ba ta da irin wannan zaure. Bari mu fara da maganar samarin naku, cewa haka kamfanoni suke yi.

Gaskiya ne akwai manhajojin da aka ƙera musamman domin ma'aikatan da ba sa zama a ofis ɗaya. Fitattu daga cikinsu su ne Slack, wadda ta fito a shekarar 2013, da Microsoft Teams, wadda ta fito a 2017. Kasuwarsu ta buɗe sosai a shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka kulle mutane a gida, kamar yadda mu ma aka kulle mu a Jihar Kaduna tun daga ƙarshen watan Maris na wannan shekarar. Amma fa ka lura, waɗannan manhajoji ba irin WhatsApp ba ne. A cikinsu ana raba magana ɗaki-ɗaki, wato ɗakin kuɗi daban, na saye daban, na sufuri daban. Duk abin da aka rubuta yana ajiye ne a rumbun kamfani, kuma ran da ma'aikaci ya bar aiki sai a toshe masa ƙofa. Sa'an nan galibi biya ake yi wa kowane ma'aikaci wata-wata, kuma suna bukatar mai iya karatu da intanet mai ƙarfi.

Ita kuwa WhatsApp, wasu mutum biyu ne, Jan Koum da Brian Acton, suka kafa ta a Amurka a shekarar 2009 domin hira tsakanin 'yan'uwa da abokai, kamfanin Facebook ya saye ta a 2014 a kan kuɗi wajen dala biliyan 19. Ba don ofis aka yi ta ba. Mutane ne suka ga ta fi sauƙi suka mayar da ita ofishinsu. Saboda haka in samarinku sun ce haka kamfanoni suke yi, sun faɗi rabin gaskiya ne. Kuma babu wani kamfanin kirki da ya jefar da littafin lissafinsa don ya sami wurin hira.

AMFANINSA

Babban amfaninsa shi ne labarin farashi. Dattawanku za su tuna cewa kafin wayar salula ta shigo ƙasar nan a shekarar 2001, mai kayan gwari lodi yake yi a makance. Sai mota ta kwana a hanya, ta isa kasuwar Mile 12 ta Legas, sa'an nan ya san ko kasuwa ta yi kyau ko kuwa motoci sun yi mata yawa. Tumatir kuwa ba ya jiran kowa. Da salula ta zo abin ya yi sauƙi, amma duk da haka sai an bi mutane ɗaya bayan ɗaya ana kira, kowa da irin abin da zai ji. A cikin zaure kuwa, wakilinku na Legas zai yi magana sau ɗaya tak da asuba, ya ce motoci kaza suka shigo, kwando ya kama kaza, kowa ya ji a lokaci guda da bakinsa. Wanda yake bakin fadama yana ciniki da manomi ya san inda zai tsaya da tayi. Wanda yake shirin lodi ya san ko Legas zai nufa ko kuwa ya juya akala zuwa 'Yankaba a Kano. Wannan kaɗai yana iya tsare jarin mutum.

Na biyu, ya rage ƙumbiya-ƙumbiya. Da can in wakili ya ce an sayar da kwando kaza, ba mai iya musa masa. Yanzu kuwa kusan duk wanda yake loda kaya yana da wani zauren da yake jin farashin wannan kasuwar a wannan ranar. Wakili mai gaskiya ya huta da zargi, marar gaskiya kuma ya san ramin ƙarya ƙurarre ne.

Na uku, saƙon murya. Wannan shi ne abin da ya sa WhatsApp ta karɓu a karkara fiye da sauran. Tun 2013 aka sa mata shi. Ba sai ka yi boko ba. Ka danna, ka yi maganarka da Hausarka, ka saki. Wanda yake cikin gona yana ban ruwa ba sai ya bar aikinsa ya amsa kira ba, in ya huta ya saurara. In ma babu sabis a inda yake, saƙon zai jira shi har ya hau tudu.

Na huɗu, hoto. Mai saye zai ga launin tattasai da girman damin rake kafin ya ce a loda. Direba zai aiko da hoton tayar da ta fashe ko rasidin da aka yanka masa a hanya, ba sai an yi ta rantse-rantse ba. Har ila yau yana iya kunna alamar da take nuna inda mota take a kan taswira. Manomi ma haka. Kun tuna tsutsar tumatir da ta cinye gonaki a shekarar 2016, har Gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir? Irin wannan annoba, in wani ya ga alamarta a ganye ya ɗauki hoto ya sa a zaure, maƙwabta za su farga da wuri, kuma ana iya tura hoton ga malamin gona ko ga masana na Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru, Zariya, wadda ba ta da nisa da ku.

Na biyar, sauƙin kuɗi. Kuɗin motar da mutum ɗaya zai kashe daga Legas zuwa gida don taron yini guda ya ishi sayen data mai yawa.

ILLOLINSA

To, amma Hausawa sun ce kowane allazi da nasa amanu. Ga inda dattawanku suke da gaskiya.

Illa ta farko, kuma wadda ta fi kowace girma a wurinku, ita ce zaure ba littafi ba ne. Magana a cikinsa kamar ruwan kogi take, tana wucewa wata na bin bayanta. A ce yau ma'aji ya faɗa da murya cewa wane ya karɓi kuɗin kwando 40. Bayan wata huɗu gardama ta tashi. Wa zai zauna ya saurari ɗaruruwan muryoyi yana neman wannan guda ɗaya? Rubutu ana iya lalubo shi da kalma, murya kuwa sai an bi ta ɗaya-ɗaya. Bugu da ƙari, wanda ya aiko da saƙo yana da ikon goge shi daga wayar kowa cikin kamar kwana biyu, kuma tun 2023 yana iya gyara abin da ya rubuta cikin minti 15 na farko. Sa'an nan saƙonnin a cikin wayoyinku suke zaune. In wayar ma'aji ta faɗa rijiya ko aka sace ta a tasha, alhali bai ajiye kwafi a intanet ba, nasa ya tafi ke nan. Wasu kuma da kansu suke share kome in waya ta cika. Dokar Shaida ta 2011 ta yarda a gabatar da abin da ya fito daga na'ura a gaban kotu, amma da sharuɗɗa, kuma abin da aka goge ba ya zama shaida. Kun dai san ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Harkar da ake haɗa jari ba ta zama lafiya sai da rubutu tabbatacce.

Ta biyu, 'yan damfara. Ga yadda suke yi, ka karanta wa 'yan'uwanka. Wani zai kira ka da ladabi, ya ambaci sunan ƙungiyarku, ya ce za a yi taro ta waya da daddare, ko za a raba tallafin taki, ya ce an turo maka wasu lambobi shida, ka karanto masa don a sa sunanka. Waɗannan lambobi su ne makullin WhatsApp ɗinka. Kana faɗa masa, ya hau kujerarka. Sai ya shiga zaure da sunanka da hotonka ya ce mota ta lalace a hanya, a tura kuɗi maza ta wannan asusu. Mutane kuwa sun san ka da gaskiya, sai su tura. Haka nan akwai hoton tiransifa na ƙarya, wanda ya yi yawa lokacin ƙarancin takardun Naira a farkon 2023. Hoton rasidi ba kuɗi ba ne. Kuɗi shi ne abin da ka duba asusunka ka gani ya shiga.

Ta uku, sirrin kasuwa. Tun 2016 kamfanin ya kulle saƙonni ta yadda ba mai iya karanta su a kan hanya, ko shi kamfanin kansa. Wannan gaskiya ne. Amma kullen bai hana ɗan cikin zaure ya tura maganarku ga abokin hamayyarku ba, bai kuma hana wanda ka bar wa waya a shagon caji ya buɗe ta ba. Wanda ya yi fushi ya fita daga ƙungiya, duk tsofaffin saƙonni suna nan a wayarsa. Maganar da aka yi a zauren gida iska take bi, wadda aka yi a zauren waya kuwa tana da ƙafa.

Ta huɗu, ji-ta-ji-ta. Mai kaya a hanya kullum zuciyarsa a tsaye take, saboda haka ƙarya ba ta shan wuyar kama shi. A watan Fabrairu na 2021 an yi rikici a kasuwar Shasha ta Ibadan, har ƙungiyar fataken abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki, tumatir ya yi kwantai a Arewa. A irin wannan lokaci labarin gaskiya yana ceton rai da dukiya, amma a lokacin ne kuma tsofaffin hotuna na wata ƙasa suke yawo ana cewa yanzu abin yake faruwa. A ƙasar Indiya irin wannan ji-ta-ji-ta ta satar yara ta jawo an kashe bayin Allah da ba su san hawa ba ba su san sauka ba a 2017 da 2018, dalilin da ya sa kamfanin ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar kacal a lokaci guda, ya kuma faɗaɗa dokar zuwa duk duniya a 2019. A harkarku ma, murya guda ta ƙarya cewa kasuwa ta faɗi tana iya sa manomi ya yi gwanjon kayansa.

Ta biyar, ba kowa yake ciki ba. Dattijon da ya fi kowa sanin kasuwa wataƙila ƙaramar waya gare shi, ko idonsa ba ya ganin allo. Wani ƙauyensu sabis ba ya kamawa, wani wayarsa tana wurin caji, wani data ta ƙare, ga shi kuma a watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100. In aka yanke shawara a zaure da tsakar dare, to masu manyan wayoyi ne suka yanke, saura sai dai su ji a bakin kasuwa. Da haka shugabanci yake sulalewa daga hannun masu jari da sani ya koma hannun masu saurin danna waya, ba tare da an zauna an zaɓe su ba. Muna jin wannan shi ne ainihin abin da yake damun dattawanku, ko da ba su faɗa da baki ba.

Ta shida, ranar da abin ya tsaya. A ranar 4 ga Oktoba, 2021, WhatsApp da Facebook sun ɗauke a duk duniya na wajen awa shida. A wannan shekarar ce kuma aka rufe layukan waya a Jihar Zamfara, da wasu sassan Katsina da Sakkwato, da wasu ƙananan hukumomin Jihar Kaduna irin su Birnin Gwari da Giwa, saboda matsalar tsaro. Ba kwana ɗaya ko biyu aka yi ba, makonni aka shafe. Ƙungiyar da ba ta da wata hanya sai waya, ran nan ta makance.

Ta bakwai, hayaniya da saɓani. Zaure ɗaya yana ɗaukar mutum har 1,024, kuma in ba a tsawata ba sai ka tarar barka da Juma'a da hotunan siyasa da tallan magani sun binne saƙon direban da yake neman agaji. Waya ba ta san dare ba, mutum ya wuni a rana ya kwanta ana ta buga masa. A Faransa sai da aka kafa doka, wadda ta fara aiki a 2017, ta tilasta wa manyan kamfanoni su tsara lokacin da ma'aikaci yake da 'yancin kashe waya ya huta. Sa'an nan magana ba fuska tana da kaifi. Abin da yaro ba zai iya faɗa wa dattijo ido da ido ba, sai ya faɗa a murya a gaban mutum 30, kuma ga ta nan a ajiye ana ta maimaita saurare. Ko kamfanin Microsoft, da aka bincika yadda ma'aikatansa fiye da 60,000 suka yi aiki daga gida lokacin korona, sakamakon da aka buga a 2021 ya nuna kowa ya ƙara maƙalewa cikin 'yan rukuninsa, hulɗa da sauran sassa ta ragu. Da ma zumunta a ƙafa take.

SHAWARARMU

To Malam, in ka auna duka biyun za ka ga ba sai an kayar da wani ɓangare ba. Ku ba waya aikin da ta iya, ku bar wa littafi da taro nasu. Labarin da yake lalacewa in ya kwana, kamar farashi da halin hanya da inda mota take, wannan na waya ne. Abin da ake so ya daɗe, kamar jari da bashi da rabon riba, na littafi ne. Abin da yake bukatar yardar kowa, kamar shigar da sabon mutum, ko korar wani, ko sasanta rigima, wannan na taro ne, gwiwa da gwiwa.

Ku buɗe zaure biyu. Ɗaya na aiki zalla, inda za a saita shi ta yadda shugaba da ma'aji da wakilan kasuwanni kaɗai suke iya aikawa. Ɗayan na hira da gaishe-gaishe, kowa ya sake. Masu riƙe da zaure kada su gaza biyu, kuma a sa dattijo ɗaya a ciki, ko da ɗansa ne zai riƙa danna masa.

Duk maganar da ta shafi kuɗi, bayan an faɗe ta da murya a bi ta da rubutu gajere: suna, adadi, rana. Ma'aji ya kwafe ta cikin littafi a ranar, ƙarshen mako kuma ya ɗauki hoton shafin ya sa a zaure kowa ya gani. Ka ga littafi ya tsare waya, waya ta tsare littafi.

Ku tsayar da asusun banki guda wanda kowa ya sani, ku yi doka cewa ba a canza shi ta saƙo. Duk wanda ya nemi kuɗi a zaure, ko shugaba ne, a kira shi a ji muryarsa tukuna. Kowa ya sa wani yaro mai amana ya kunna masa makulli na biyu da yake cikin saitin WhatsApp, wato lambar sirri shida da kai za ka zaɓa da kanka, ya kuma kunna ajiyar kwafin saƙonni. Lambobin da aka turo maka kuwa kada ka karanta wa kowa, ko da ya ce daga kamfani yake. In har an riga an ƙwace, maza ka sake shiga da layinka, ka kuma sa a yi shela a zaure da masallaci cewa ba kai ba ne.

Ku haɗa kowane marar babbar waya da wani maƙwabcinsa da zai riƙa kai masa labari, kuma kada a ɗauki shirun mutum a zaure a matsayin yarda. Ku ajiye lokacin da ake rufe magana, misali bayan sallar lisha, sai fa in mota ce ta sami matsala. Labarin tashin hankali kuwa kada a tura sai an kira wanda yake wurin ya tabbatar.

Taron wata-wata, in kuɗin mota ya yi nauyi, ana iya rage shi. Na gida su ci gaba da zama, na nesa a kira su a waya a sa a amsa-kuwwa su ji su kuma sa baki. Amma a kalla farkon kakar gwari da ƙarshenta kowa ya zo da ƙafarsa, a buɗe littafi, a yi lissafi, a ci tuwo tare. Samari su riƙe waya tun da sun fi iya ta, dattawa su riƙe littafi tun da sun fi sanin abin da bashi yake haifarwa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Da fatan mai tambaya ya gamsu, kuma muna so ka sake rubuto mana yadda kuka ƙare. A gai da mutanen Likoro da Hunƙuyi da Kudan da Makarfi da Ikara baki ɗaya. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya kai motocinku lafiya. Saura masu tambaya kuma ku ci gaba da aiko da wasiƙunku, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.